Rikicin Cikin Gida: Garkuwar Jiki, Bakteriyar Hanji da Cutar Kumburin Hanji

Gabatarwa

A jikin kowane mutum lafiyayye akwai ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A shekarar 2016 wasu masana a ƙasar Isra'ila sun ƙiyasta cewa mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali kuwa ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jikin nasa tiriliyan 30 ne. Galibin bakteriyar nan a babban hanji suke zaune, kuma da za a tara su wuri guda a auna, nauyinsu ba zai wuce giram 200 ba.

Ɗalibin da ya karanta darasin garkuwar jiki yana iya tambaya: in dai aikin garkuwa shi ne ta hallaka duk wani baƙon abu da ya shiga jiki, yaya aka yi ta ƙyale wannan taro mai yawa yana zaune a cikin ciki tun daga haihuwa har mutuwa? Amsar ita ce akwai zaman amana a tsakaninsu. Sai dai masu iya magana sun ce ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Idan amanar ta warware, garkuwa takan juya ta yi ta yaƙar mazauna hanji ba dare ba rana, filin dagar kuwa shi ne hanjin mutumin. Abin da ke biyo baya shi likitoci ke kira cutar kumburin hanji. Wannan maƙala za ta duba yadda rikicin yake tasowa, da kuma dalilin da ya sa magani guda yakan yi wa wani majinyaci aiki ya ƙi yi wa wani.

Cutar da Ire-irenta

Cutar kumburin hanji iri biyu ce. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda likita Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Takan fara daga dubura ta yi sama ba tare da tsallake ba, kuma fatar ciki ta hanjin kawai take ci. Babbar alamarta ita ce zawo mai jini da majina, da yawan jin matsuwar bayan gida. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai a birnin Niyok da suka ba da bayanin majinyata 14 a 1932. Wannan tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, ko da yake ta fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji. Takan kama nan ta tsallake can, kuma takan ci kaurin bangon hanjin gaba ɗaya. Shi ya sa wani lokaci hanjin yakan tsuke har abinci ya kasa wucewa, wani lokaci kuma ya huje, wata ɓarauniyar hanya ta buɗe zuwa mafitsara ko fata ko wani sashen hanji.

Duka biyun sun fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 35, wato lokacin karatu da neman na kai. Sukan lafa na wasu watanni sa'an nan su sake tashi. Yaron da ya kamu yakan rame, jininsa ya yi ƙasa, girmansa ya tsaya, balagarsa ta yi jinkiri. Ba a ɗaukar cutar daga wani, kuma har yau babu maganin sha ko allura da ke raba mutum da ita kwata-kwata. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 6.8 ne ke fama da ita a duniya. Ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, inda a ƙasashe da dama takan kama fiye da mutum 3 cikin kowane 1,000, amma tun ƙarshen ƙarni na 20 tana ta ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka.

Yadda Ake Zaman Amana

Ana iya kwatanta jikin mutum da birni mai ganuwa, ramin hanji kuwa da zangon fatake da ke wajen ƙofa. Ganuwar ita ce fatar ciki ta hanji. Da za a shimfiɗa ta, za ta rufe fili kimanin murabba'in mita 30, wato kamar ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5. Amma kaurinta jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin jiki, waɗanda ake sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 5. Ganuwa mai siranta haka ba ta isa ita kaɗai ba, don haka akwai wasu matakan tsaro.

Mataki na farko shi ne majina. A babban hanji majinar hawa biyu ce: ta waje sakwa-sakwa, a cikinta bakteriya ke zaune suna ci, ta ciki kuwa mai kauri ce da ba sa iya ratsawa. Na biyu shi ne wasu ƙwayoyin jiki da ake kira ƙwayoyin Paneth, waɗanda ke ƙasan ramukan fatar ƙaramin hanji, suna fitar da sinadaran da ke kashe duk bakteriyar da ta matso kusa. Na uku shi ne antibodi, wato furotin da garkuwa ke ƙerawa don ya manne wa abu guda takamaimai, kamar yadda kowane makulli ke da kwaɗonsa. Hanji yana zubar da giram 3 zuwa 5 na wani irin antibodi mai suna IgA a kowace rana. Shi IgA yakan lulluɓe bakteriya ya hana su mannewa a jikin ganuwa, ba tare da ya ta da kumburi ba.

Bayan ganuwa kuwa akwai dogarai, wato fararen ƙwayoyin jini. Daga cikinsu akwai masu zafin kai, waɗanda da sun ga baƙo sai su fitar da sinadaran gangami irin su TNF, jini ya taru, wuri ya kumbura. Akwai kuma masu sulhu, waɗanda ke fitar da sinadarin kwantar da tarzoma mai suna IL-10. Abin mamaki shi ne su bakteriyar da kansu suna taimakawa wajen rainon masu sulhun. Idan mutum ya ci harza, wato ɓangaren tsiro da hanjinsa ba ya iya narkarwa, kamar dusar hatsi da jijiyar ganye, bakteriya ne ke ruɓar da ita su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Wannan sinadari shi ne babban abincin ƙwayoyin ganuwar babban hanji. A 2013 kuma masana a Japan da Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa yana ƙara yawan fararen ƙwayoyin jini masu sulhu. Ke nan fataken suna biyan kuɗin zango, birni kuma yana ba su masauki da abinci.

Shaidar da Ta Nuna Hannun Bakteriya

An daɗe ana neman wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin kumburin hanji, kamar yadda aka samu ta tarin fuka da ta kwalara, amma ba a same ta ba. Shaidar da ta sauya tunanin masana ta fito ne daga wurare biyu.

Na farko shi ne ɗakin gwajin ɓeraye. A 1993 masana a Jami'ar Kolon ta ƙasar Jamus suka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya iya yin sinadarin IL-10. Ba tare da an sa musu wata cuta ba, sai hanjinsu ya kumbura. A 1998 wasu masana a Jami'ar North Carolina ta Amurka suka raini irin waɗannan ɓeraye a cikin rufaffen akwati, inda abinci da ruwa da iska duk an tsarkake su, ta yadda babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu. Hanjinsu bai kumbura ba. Da aka sa musu bakteriyar da ɓeraye lafiyayyu ke ɗauke da su, sai cutar ta bayyana.

Na biyu shi ne ɗakin tiyata a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam. An san cewa idan aka yanke sashen hanjin da cutar Crohn ta lalata aka haɗa sauran, sau da yawa cutar takan dawo daidai wurin ɗinkin. A 1991 Paul Rutgeerts da abokan aikinsa suka ba da labarin majinyata 5 da aka karkatar musu da hanyar bayan gida ta wata ƙofa a fatar ciki, ta yadda ba ya bi ta wurin ɗinkin. Har wata 6 wurin yana nan lafiya lau. Da aka mayar da hanyar yadda take, dukkansu cutar ta dawo musu cikin wata 6. A 1998 likitocin suka ɗura abin da ke cikin hanji a sashen da aka keɓe na wasu majinyata 3, kuma cikin kwana 8 alamun kumburi suka bayyana. Daga nan aka fahimci cewa sai abu biyu sun haɗu cutar ke tashi: garkuwa mai matsala, da kuma bakteriyar gida waɗanda a jikin wani mutum ba su da laifin komai.

Inda Bango Ya Tsage

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2001 rukunin masana biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano ƙwayar gado ta farko da ke da alaƙa da cutar Crohn, mai suna NOD2. Aikinta shi ne ƙera wani furotin da ke zaune a cikin ƙwayar jiki yana jin ɓurɓushin bangon bakteriya, tamkar mai gadin ƙofa. Wanda ya gaji lalatacciyar NOD2 daga uwa da uba duka, haɗarin kamuwarsa yakan ninka kusan sau 17. A nan akwai darasi: da an yi zaton garkuwa mai ƙarfi fiye da kima ce ke jawo cutar, sai ga shi rauni ne a bakin ƙofa. Mai gadi ya kasa tare 'yan kaɗan da suka kutso, sai runduna ta fito daga baya ta yi ɓarnar da ta fi ta masu kutsen.

Zuwa yau an gano wurare fiye da 200 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan'adam da ke da alaƙa da cutar. Wasu sun shafi ƙarfin ganuwa, wasu narkar da bakteriyar da ta shiga cikin ƙwayar jiki, wasu kuma sinadaran gangami irin su IL-23. Duk da haka gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mafi yawan masu lalatacciyar NOD2 ba sa kamuwa, kuma akan samu tagwaye masu kama ɗaya, Hassan ya kamu Husaini bai kamu ba. Haka kuma ire-iren lahanin NOD2 da aka sani a Turai da wuya a same su a mutanen Japan da Sin, alhali su ma suna kamuwa da cutar Crohn.

Su ma mazauna zangon sukan sauya. A hanjin majinyaci yawan ire-iren bakteriya yakan ragu. Masu yin butiret, irin su Faecalibacterium prausnitzii, sukan yi ƙaranci, masu jure wa kumburi kuwa su yawaita. Daga cikin waɗannan akwai wani irin Escherichia coli mai mannewa a ganuwa ya kutsa ciki, wanda Arlette Darfeuille-Michaud ta gano a Faransa a 1998. Abinci yana da hannu wajen tsara wannan taro. A 2010 an kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yara 15 na birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren bakteriya, kuma sinadarai irin su butiret sun fi yawa a bayan gidansu. Wannan bincike bai shafi majinyata ba, amma ya nuna irin abin da ke iya sauyawa idan al'umma ta bar abincinta na gargajiya. An kuma lura cewa shan taba yana ƙara haɗarin cutar Crohn da tsananinta, sa'an nan yaran da aka ba maganin kashe bakteriya sau da yawa tun suna ƙanana sun fi kamuwa da ita.

Sawun Rikici a Cikin Jini

Idan bakteriya suka tsallake ganuwa, garkuwa takan ƙera antibodi a kansu, su kuwa sukan daɗe suna yawo cikin jini. Saboda haka jinin majinyaci yana ɗauke da tarihin faɗan da aka yi a hanjinsa. A 1988 likitoci a birnin Dundee na Sikotland suka gano cewa masu cutar Crohn suna da antibodi a kan yis, wato abin da ake kumbura burodi da shi. Kimanin rabin majinyata ke da shi. A 2004 kuma masana a Amurka suka gano cewa babban abin da garkuwar masu cutar ke hari shi ne furotin ɗin da bakteriya ke yin wutsiyar iyo da shi. Bakteriyar da ke da wannan wutsiya kuwa 'yan gida ne, har wasu danginsu suna cikin masu yin butiret.

Abu biyu ne suka sa wannan sawu ya zama mai muhimmanci. Na farko, yana riga cutar bayyana. Rundunar sojan Isra'ila tana ajiye jinin dakarunta, kuma a 2005 aka koma aka duba jinin mutum 32 da daga baya suka kamu da cutar Crohn. Goma daga cikinsu suna da antibodin yis tun kafin a gano cutar, da tazarar wata 38 a matsakaici. Wani bincike irinsa a kan jinin sojojin Amurka, wanda aka buga a 2020, ya ga alamun har shekara 5 kafin likita ya gano cutar. Na biyu, yana nuna alkiblar ciwon. An lura cewa majinyacin da ke da ire-iren antibodin nan da yawa, kuma a mataki mai tsanani, ya fi fuskantar tsukewar hanji ko hujewarsa, ya kuma fi saurin kaiwa ga tiyata.

Wani rukuni a Jami'ar Yale ya bi sawun ta wata hanya a 2014. Sun tace bakteriyar da IgA ya fi lulluɓewa daga bayan gidan majinyata, suka dasa su a hanjin ɓerayen da ba su da bakteriya. Ɓerayen da suka karɓi waɗannan sun fi yin kumburi mai tsanani idan aka tsokane hanjinsu, fiye da waɗanda suka karɓi bakteriyar da IgA bai damu da su ba. Wato garkuwar majinyaci da kanta tana nuna waɗanda ake zargi.

Magani da Sakamakonsa

Tsohon maganin cutar shi ne sulfasalazine, wanda likita Nanna Svartz ta ƙasar Siwidin ta samar wajen 1940. Sai a shekarun 1970 aka gane cewa maganin ba ya aiki har sai ya isa babban hanji, bakteriya sun raba shi biyu, sun saki sashen da ke kwantar da kumburi, wanda ake kira mesalazine. Da ɗan gari akan ci gari. Amma a 2023 masana a Amurka suka gano cewa wasu bakteriyar suna da sinadaran da ke lalata shi mesalazine ɗin, kuma majinyatan da ke ɗauke da su sun fi samun gazawar magani. A 1955 kuma likitoci a Ingila suka tabbatar da amfanin kotizon wajen kwantar da ciwon idan ya tashi. Sai dai kotizon yana danne garkuwa gaba ɗaya, kuma idan aka daɗe ana shansa yakan raunana ƙashi, ya ta da sukari, ya hana yaro girma.

Babban sauyi ya zo da allurar infliximab, wadda antibodi ce da aka ƙera a ɗakin gwaji don ta kama sinadarin gangami na TNF. A 1993 likitoci a Amsterdam ta ƙasar Holan suka ba da labarin wata yarinya mai cutar Crohn da duk magunguna suka gaza a kanta, ta samu sauƙi da wannan allura. Amurka ta amince da ita a 1998. Gyambon da ya yi shekaru yakan warke cikin makonni. Amma ba kowa ke dacewa ba. Wani babban bincike a Birtaniya, wanda aka buga a 2019, ya bi majinyata 1,610 da aka fara yi wa irin wannan allura. Kusan kashi 24 cikin ɗari ba su amsa ba tun daga farko, kuma bayan shekara guda kimanin kashi 63 cikin ɗari ba su samu cikakkiyar lafawar ciwo ba.

An gano dalilai da dama. Na farko, garkuwar wasu takan ɗauki maganin kansa a matsayin baƙo, ta ƙera antibodi a kansa ta kawar da shi daga jini. Masu wata ƙwayar gado mai suna HLA-DQA1*05, wadda kimanin kashi 40 cikin ɗari na Turawa ke ɗauke da ita, haɗarin hakan ya kusan ninka musu sau biyu. Haɗa allurar da wani magani irin su azathioprine yana rage wannan haɗari. A nan ma akwai hannun bakteriya: wani bincike na 2022 a Isra'ila ya nuna cewa irin maganin kashe bakteriyar da majinyaci ya sha yana iya ƙara ko rage wannan matsala, kuma ɓerayen da ba su da bakteriya ba su ƙera antibodi a kan allurar ba.

Na biyu, ba kowane kumburi ne TNF ke jagoranta ba. A 2017 masana a Jami'ar Oxford suka nuna cewa majinyatan da hanjinsu ke cike da wani sinadarin gangami mai suna oncostatin M sun fi kasa amsa allurar TNF. Saboda irin wannan aka samar da wasu magunguna masu bin wata hanya. Vedolizumab, wanda aka amince da shi a 2014, yana tare fararen ƙwayoyin jini ya hana su shiga hanji. Ustekinumab, wanda aka amince da shi don cutar Crohn a 2016, yana kama IL-23 da ɗan'uwansa IL-12.

Na uku shi ne halin da zangon yake ciki kafin a fara magani. A 2008 masana a Faransa suka ga cewa majinyatan da ke da ƙarancin Faecalibacterium prausnitzii a lokacin tiyata sun fi samun dawowar cutar bayan wata 6. A 2017 wani bincike a kan majinyata 85 a birnin Boston ya nuna cewa masu cutar Crohn da vedolizumab ya yi wa aiki sun fi yawan ire-iren bakteriya tun farko, har da wata mai yin butiret daga dangin Roseburia. Sai dai a yi hattara wajen fassara irin wannan sakamako. Mai yiwuwa ne bakteriyar kirki su ne suka taimaka wa maganin, mai yiwuwa ne kuma samuwarsu alama ce kawai ta cewa ciwon bai yi nisa ba.

Gyaran Zango

Tun da rikicin ɓangare biyu ne, wasu likitoci sun gwada gyara bakteriyar maimakon danne garkuwa. Hanya mafi kai tsaye ita ce dashen bayan gida, wato a tace na lafiyayyen mutum da aka tantance a ɗura a hanjin majinyaci. A Kanada a 2015, cikin masu gyambon babban hanji 38 da aka yi wa dashen, 9 sun samu lafawa, alhali cikin 37 da aka ɗura wa ruwa zalla 2 ne kawai suka samu. Abin lura shi ne 7 daga cikin 9 ɗin nan daga mutum guda aka ɗebo musu. A Ostireliya a 2017 an samu kashi 27 cikin ɗari a ɓangaren dashe, da kashi 8 a ɗaya ɓangaren. Wannan ya tabbatar da cewa sauya bakteriya yana iya kwantar da ciwon, amma ga kaɗan daga cikin majinyata. Akwai kuma haɗari, domin a 2019 wani majinyaci ya rasu a Amurka bayan an dasa masa bakteriya mai bijire wa magani. Dashen bai zama maganin yau da kullum na kumburin hanji ba, kuma ba abin da za a gwada a gida ba ne.

Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce ta abinci. Idan yaro mai cutar Crohn ya bar duk wani abinci ya dogara ga wani abincin ruwa na musamman har mako 6 zuwa 8, kimanin yara 8 cikin 10 sukan samu lafawa ba tare da kotizon ba. Likitocin yara a Turai da shi suke farawa ga yawancin masu sabon kamu.

Abin da Ya Tabbata Zuwa Yanzu

Burin masana shi ne a auna jini ko bayan gidan majinyaci a ranar farko a san maganin da ya dace da shi. Wannan buri bai cika ba tukuna. An gwada wani awon jini da aka yi fatan zai bambance masu ciwo mai tsanani a kan sababbin majinyata 386 a Birtaniya, aka buga sakamakon a 2024. Awon bai nuna wani amfani ba. Amma binciken ya fito da abin da ya fi wanda aka je nema. Cikin waɗanda aka fara wa allurar infliximab tun daga farko, kashi 79 cikin ɗari sun cika shekara ciwonsu a kwance ba kotizon ba tiyata. Cikin waɗanda aka bi da su daki-daki, daga ƙaramin magani zuwa babba, kashi 15 ne kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, matsalar farko ita ce gane cutar. Atunin da amiba ke jawowa yana kama da gyambon babban hanji, tarin fuka na hanji kuwa yana kama da cutar Crohn har a ƙarƙashin madubin likita. Kuskure a nan yana da tsada ta kowane ɓangare. Idan aka ba mai atunin amiba kotizon, hanjinsa yana iya hujewa. Allurar TNF kuma takan ta da tarin fukan da ke kwance a jiki, abin da wani rahoto na 2001 ya nuna a kan majinyata 70, don haka wajibi ne a yi gwajin tarin fuka kafin a fara ta. A ɗaya ɓangaren, mai kumburin hanji yana iya kwashe shekaru ana ba shi maganin atuni ko na basir, hanjinsa yana ci gaba da lalacewa. Matashin da zawo mai jini ko ciwon ciki da rama suka bi shi fiye da wata guda, ko kuma suna tafiya suna dawowa, ya kamata ya ga likita a babban asibiti, inda za a gwada bayan gidansa, in ta kama a leƙa hanjinsa da na'ura a ɗebi ɗan tsoka a duba. Malamin da ya ga ɗalibi yana yawan neman izinin fita bayan gida, yana ramewa, sa'anninsa sun wuce shi tsawo, yana iya zama mutum na farko da zai ankarar da iyaye.

Kammalawa

Cutar kumburin hanji tana tasowa ne idan zaman amanar da ke tsakanin garkuwar jiki da bakteriyar hanji ya lalace. Wurin da amanar ke tsinkewa ya bambanta daga mutum zuwa mutum: wani ganuwarsa ce mai rauni, wani masu sulhunsa ne suka gaza, wani kuma mazauna zangonsa ne suka sauya. Wannan bambanci shi ne babban dalilin da ya sa magani guda ba ya yi wa kowa aiki. Masana sun koyi karanta sawun rikicin a jini da bayan gida, amma har yanzu karatun bai kai a zaɓa wa majinyaci magani da shi ba. Akwai kuma giɓi babba, domin mafi yawan binciken ƙwayoyin gado da na bakteriyar hanji a kan Turawa da mutanen gabashin Asiya aka yi shi. Sanin irin bakteriyar da ke hanjin mai cin tuwon dawa da miyar kuka, da yadda garkuwarsa ke zama da su, aiki ne da ke jiran ɗaliban kimiyyar halittu da ke aji a yau.